Faɗuwar da Ba a Rubuta Ba

Ga ta nan, ga ta nan tafe gare ku.

Ta ƙaraso, mun baza kunnuwa.

To ku gyara zama. Labarin MamTolo ne, ta ƙauyen Mpindweni, can ƙetaren kogi. Sunanta na gidan miji Nozukile, amma takarda ce kaɗai ke kiranta haka, kowa da sunan zuriyarsu yake kiranta, MamTolo. Gajeriyar mace ce kakkaura, mai saurin tafiya kamar kullum ta bar madara a wuta. Ga baki. In ta fara magana, ko fasto sai ya jira ta kai aya.

Mijinta Velile gwanin baibaya ne. Duk jinkar da ka hango daga tudun makaranta har gangaren kogi, ciyawarta kwance luf kamar an taje ta, to hannunsa ne. Shekara takwas ke nan tsani ya zame da shi daga ƙololuwar wani ɗaki, ƙeyarsa ta sauka a kan dutsen niƙa. Ya yi wata guda a asibitin gari, ya dawo da ƙafafunsa, amma ya dawo da farfaɗiya. Wa zai sake ɗora mai farfaɗiya a kan jinka? Ko garma ba a bar masa shi kaɗai, ko kusa da wuta ba a son ya zauna. Sai gwamnati ta sa shi cikin masu karɓar tallafin naƙasassu, irin na shekara-shekara, wanda duk shekara sai likita ya sake sa hannu. Da tallafin nan gidan ke cin tuwo. In babu shi babu komai, don 'yarsu ɗaya ce, Lindelwa, tana can gonakin inabi na kudu tana fama da ciyar da nata 'ya'yan.

Maganinsa ƙwaya biyu ne, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma MamTolo ce mai bayarwa. Shekara takwas ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ranar jana'izar mahaifiyarta ma, ana tsakiyar waƙa a bakin kabari ta dubi rana, ta ratsa mutane ta kai masa ƙwayarsa da ruwa a murfin fulas. Duk da haka yana faɗuwa, sau uku ko huɗu a wata. Maganin rage abin yake yi, ba ya kashe shi.

Mutanen Mpindweni kuwa har sun ƙware. MamTolo ta rataye tsohon bakin garma a bishiyar ƙofar gidanta. Duk wanda ya ga Velile ya faɗi, ko a shingen shanu ko a hanyar rijiya, sai ya juya shi ta gefe, ya naɗe bargo ya tura masa ƙarƙashin kai, ya janye duwatsu, ya sa a buga ƙarfen. Ba mai danna masa cokali a baki, ba mai kwara masa ruwa, duk ta bi su gida-gida ta hana. Minti uku, in abin ya yi tsanani huɗu, sai jikin ya saki. Ya yi barcinsa, ya farka, ya tambayi shayi. Asibiti fa? Motar ɗaukar marasa lafiya ba ta tsallaka kogin nan. A-kori-kura ɗaya ce, da sassafe take fita, awa biyu kafin ta kai gari. Ka kai mutum asibiti ya yi me, bayan ya riga ya shanye shayinsa har yana ƙorafin sukari bai ji ba?

Ƙwayar kuma motar asibitin tafi-da-gidanka ce ke kawowa, Talatar farko ta kowane wata. Takan tsaya a gindin bishiya gaban kanti, nas ta kafa teburinta a fili, layi ya miƙe. Su wa ke layin? Masu ciki, masu goyo, surukai da matan 'ya'yansu. Nas ba ta ɗaga kai, sai dai ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji: "Tata," wato Baba, "akwai matsala wannan watan?"

Ku gaya mini, namijin da ya shiga daji aka yi masa kaciyar manya bai ko ƙifta ido ba, shi ne zai buɗe baki gaban matar ɗan ƙanensa ya ce ranar Alhamis ya faɗi cikin kashin shanu ya jiƙa wando? Sai ya gyara hularsa ya ce, "Babu, 'yata. Mun gode Allah." Ita kuma ta rubuta: lafiya lau, magani na aiki. Wata bayan wata, a kai takardar gari a cusa cikin fayil ɗinsa.

Da can wannan bai dami kowa ba. Tsohon likitan da ya ɗinke masa ƙeya shi ke sa hannu, ya kuma san kan da ya ɗinka. Sai tsohon ya yi ritaya. Aka kawo sabon tsari: wani likita zai riƙa zuwa daga birni rana ɗaya a wata, ya duba masu neman tallafi.

Ranar da aka ba su, mutum sittin da wani abu ne a kan benci. MamTolo ta goge wa Velile kwat ɗinsa na coci, ta shafa wa takalminsa mai, don ba a zuwa gaban likita kamar wanda ba shi da mata. Da aka kira su, suka tarar da matashi fes da shi, mukullin motarsa a kan tebur dab da hannunsa kamar mai shirin gudu. Bai kalli Velile ba. Fayil ya buɗe, yana lasar yatsa yana juya shafi.

"Yaushe rabonka da faɗuwa, Tata?"

Velile ya dubi nas ɗin da ke tsaye riƙe da fom, yarinya sa'ar 'yarsa. Ya yi gyaran murya. "To... an ɗan kwana biyu."

"Kwana shida!" in ji MamTolo. "Ranar Juma'a, a bayan rumbu. Kafin nan ranar sha biyu ga wata, kafin nan kuma..."

"Mama, shi na tambaya." Likita ya juyo mata da fayil ɗin yana nuna mata da biro. "Wata talatin da shida. Kowane wata, babu matsala, babu matsala. Ba a taɓa kawo shi sashen gaggawa ba ko sau ɗaya. Wannan mutum magani ya karɓe shi. Abin farin ciki ne ai."

"Farin cikin wa?" Ta cafko hannun Velile ta zuge masa hannun kwat har gwiwa. Fatar wurin a tattare take, fara, tana sheƙi. "Wannan murhu ne, bara. Baban Lindelwa, fito da harshenka. Fito da shi na ce! Duba nan, likita, kamar tsumman da akuya ta tauna."

Likita ya ɗan leƙa. "Tabon ƙuna ba shaida ba ne, Mama. Mashaya ma suna faɗawa wuta."

Velile bai sake sa giya a bakinsa ba tun ranar da ya faɗo daga jinka. A hankali ya janye hannunsa, ya sauke hannun kwat ɗin, ya ɓalla maɓalli.

"Ni ban ce ƙarya kike yi ba," likita ya ce, hannunsa ya riga ya fara rubutu. "Amma ba abin da aka gaya mini nake sa wa hannu ba. Abin da asibiti ya gani ya rubuta, shi ne shaida. A kawo mini takarda ɗaya tak, wadda nas ko likita ya ce ya gani da idonsa. Na gaba!"

Minti uku suka yi a ɗakin nan, daidai tsawon faɗuwa ɗaya. Bayan sati biyu wasiƙa ta iso: an dakatar da tallafi, mutumin zai iya aiki. Yana da kwana casa'in ya ɗaukaka ƙara, in yana da sabuwar shaida.

MamTolo ba ta zauna ba. Ranar Alhamis, da matan zumuntar coci suka taru cikin jajayen rigunansu da fararen huluna, ta miƙe tun kafin a rufe da addu'a. Mata ashirin da uku suka dangwala yatsa a takarda, kowacce ta faɗi ranar da ta juya Velile da inda ta juya shi. Mai unguwa ya buga hatiminsa. Sannan ta yi abin da ya fi komai ci mata rai. Da ya sake faɗuwa a tsakar gida, ta karɓi wayar maƙwabciya ta tsaya a kansa tana ɗaukar hoto mai motsi, maimakon ta durƙusa ta riƙe masa kai. Da ya farka ya ji labari, kwana biyu bai yi mata magana ba.

Ta kwashi duka ta kai ofishin tallafi a gari. Akawun da ke bayan gilashi yana shan lemo da tsinke. Ya karanta takardar, ya ƙirga yatsun, ya turo mata abarta ta ƙarƙashin gilashin.

"Mama, cikin matan nan akwai nas?"

"Akwai wadda ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen."

"Tana da lambar aiki?"

"Tana da ido biyu."

"Ido ba ya shiga fom, Mama."

Sai ta manna masa wayar a jikin gilashi. Ya kalla, ya kalla, fuskarsa ta canza, ya ajiye lemon. Amma ya girgiza kai. "Allah ya sawwaƙe. Ni dai na yarda. Amma na sama cewa za su yi, wa ya san ko shiri ne? Kuma ta ina zan maƙala waya a fayil? Takardar asibiti, da hatimin asibiti. Ba ni na yi dokar ba."

"Kullum ba ku kuka yi ba. Ina wanda ya yi ta yake zama, ɗana, in je in gaishe shi?"

Ta fito tana huci. Kafin a-kori-kura ta kai bakin kogi ta gama yanke shawara. Tunda asibiti ba zai zo ya ga faɗuwar ba, ita za ta kai masa faɗuwar har gida.

Ta bar wa maƙwabta kaji da awaki, ta ƙulle garin masara da wake da kabewa biyu, suka sauka gidan wata 'yar'uwarta a unguwar da ke bayan asibiti. Saura kwana goma sha tara wa'adi ya cika. Kullum da sassafe su shiga ƙofa tare da marasa lafiya, su sami benci a ɗakin jira, daidai inda nas mai awon jini za ta iya hango su. Ba kati suka yanka ba, ba layi suke bi ba. Zama kawai. In layi ya matsa, su ce wa na bayansu, wuce.

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar. Velile garau.

"Kai dai ba ka da kirki, Baban Lindelwa," ta ce masa, tana ɓare masa dafaffen ƙwai. "A gida in ɗora tukunya ka faɗi, in tafi rafi ka faɗi, ranar bikin 'yar fasto ma sai da ka faɗi gaban baƙi. Yau da ake nemanka ka zama dutse."

"Ke kin ɗauka rediyo ce, a murɗa ta kama?"

"Ka ɗan tuno abin ɓacin rai mana."

"Ai ga ki nan kusa da ni tun safe, bai yi aiki ba."

Tsohuwar da ke gefensu ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Rana ta takwas abin ya zo. Amma a ina? An tashi, ƙarfe huɗu da rabi, sun fita ƙofar asibiti, sun yi taku bai fi ashirin ba, daidai teburin mai fanke. Velile ya tsaya cak, idonsa ya juye, ya zube. MamTolo ta durƙusa ta tallafe kansa tana ƙwala kira: "Nas! Ku kira nas! Ga shi nan, ku zo ku gani!" Mai gadi ya ruga ciki. Ya dawo ya ce nas ta ce ba ta da izinin duba kowa a wajen ƙofa, a shigo da shi. Kafin a tuna inda keken marasa lafiya yake, kafin a samo mai mukullin ɗakin da keken yake ciki, jikin Velile ya saki. Yana minshari aka shiga da shi.

Nas ta auna shi, ta haska masa ido, ta yi rubutu. MamTolo ta ce a karanta mata. Nas ta karanta: "An kawo shi yana barci. Matarsa ta ce ya faɗi."

"Matarsa ta ce? Mutum talatin suka gani! Ga ƙasa a kunnensa! Taɓa wandonsa ki ji!"

"Ni ban gani ba, Mama. In rubuta abin da ban gani ba a kore ni?"

"Taku ashirin ne, 'yata. Taku ashirin."

Nas ta buga hatimi a ƙarƙashin abin da ta rubuta, ta kira na gaba.

Washegari, Alhamis, mai fanken ta yafito ta. Nontembeko sunanta. Shekara goma sha biyar tana suya a ƙofar asibitin nan, ta san cutar kowa tun kafin likita ya sani. Ta naɗe fanke biyu a takarda ta tura mata.

"Sisi, 'yar'uwa, kin ba ni tausayi jiya. Amma ke ma da wautarki. Kina ba shi maganin?"

"Safe da yamma."

"To me kike jira a benci? Kin kulle ƙofa kina jiran mutum ya shigo. Ki ɗauke masa na kwana uku. Rana ta huɗu ki zaunar da shi a gaban teburin nas. Shi ke nan, an gama."

MamTolo ta ajiye fanken. "In ɗauke masa magani? Ni?"

"Kowa haka yake yi, Sisi. Masu ciwon sukari su sha lemo kwalba biyu kafin awo. Masu hawan jini su bar ƙwaya sati guda. Kin ɗauka duk masu fitowa da hatimin nan sun fi mijinki ciwo? Sun fi ki sanin gari ne kawai. Mutanen can ciki, in kin zo musu a tsaye, cewa za su yi ki koma gona."

"Allah ya kiyaye. Shekara takwas ban taɓa..."

"To ki dafa shekara takwas ɗin ku ci da miya," in ji Nontembeko, ta juya fankenta a mai.

MamTolo ta juya a fusace za ta tafi, sai ga Velile tsaye a bayanta, ya ƙura wa allon sanarwa ido, shi da bai iya karatu ba.

Ba su yi maganar ba. Da yamma ta ba shi ƙwayarsa, ya jefa a baki, ya kora da ruwa. Da safe ma haka.

Ranar Lahadi da hantsi, tana kakkaɓe masa kwat za su coci, ta ji wani abu na ƙara a aljihun ciki. Battar tabarsa ce. Taba kuwa ba ta ƙara. Ta buɗe. Ƙwayoyi ne farare guda shida, gefensu duk ya ɗan narke, alamar sun shiga baki sun fito.

Yana zaune a kan bulo yana goge takalmi. Bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya. Ta san ya san ta gani. Abin da ya kamata ta yi ta san shi sarai: ta yi masa tatas har maƙwabta su leƙo, ta tsaya a kansa ya haɗiye, ta sa ya buɗe baki ta duba ƙarƙashin harshe. Bakinta har ya buɗe. Sai ta tuna saura kwana bakwai. Ta tuna buhun garin da ya koma tsumma a kusurwar ɗaki, ga sanyi na tafe, ga gonar da ba wanda zai nome ta. Ta daɗe tsaye, battar na tafin hannunta. Sannan ta rufe ta, ta mayar da ita aljihun da ta same ta, ta miƙa masa kwat ɗin.

"Ungo. Za mu makara."

Da yamma ta sake ba shi ƙwaya, ta juya masa baya tana gyara itacen murhu don kada ta ga inda ta shiga. Wanda zai zage ta, ya fara zuwa ya zauna a bencin nan tukuna.

Litinin ɗakin jira ya cika maƙil. Sun yi sammako sun sami benci na gaba, dab da teburin nas. Wajen ƙarfe goma Velile ya kama hannunta, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba tun aurensu. Ya ce, "MamTolo." Sai abin ya ɗauke shi.

Ta sauke shi ƙasa, ta juya shi ta gefe, ta tura masa mayafinta ƙarƙashin kai. "Nas! Yanzu fa? Kin gani ko ba ki gani ba?"

Nas ta zo da sauri, ta durƙusa, ta dubi agogo. MamTolo na ƙirgawa a ranta yadda ta saba. Minti uku. Huɗu. Ta jira jikin ya saki. Bai saki ba. Biyar, bakwai. Ya ɗan lafa, kafin ta ce Allah mun gode ya sake ɗauka, fiye da na farko, dugadugansa na dukan siminti. Leɓɓansa suka yi baƙi. A shekara takwas ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Wannan karon keke ya fito ba a nemi mai mukulli ba. Likitoci biyu suka zo da gudu, ga allura, ga robar numfashi, aka ture ta gefe aka ja labule. Ta tsaya a bayan labulen riƙe da takalminsa ɗaya, tana jin gadon ƙarfe na kaɗawa. Minti arba'in, haka aka ce mata daga baya.

Kwana uku bai san inda yake ba. Da ya farka, hannunsa na dama ba ya ɗaguwa, ƙafar dama sai an ja ta, magana kuma a karkace take fita. Ya dube ta ya faɗi wani abu. Sai da ya maimaita sau uku ta gane sunanta yake kira.

Fayil kuwa ya yi ƙiba, sai ka rantse an yi masa kiwo. Hoton ƙwaƙwalwa, awon jini, rahoton likita na ɗaya, rahoton likita na biyu, kowace takarda da hatiminta.

Rana ta huɗu babbar nas ta ɗakin ta zo da takardar awon jini a hannu. Ba ta rage murya ba, ga marasa lafiya, ga masu jinya, kowa na ji.

"Ke ce matarsa? Jininsa babu ko ɗigon magani a ciki. Ku dai matan ƙauye! A ba ku magani kyauta, ƙwaya biyu kacal a rana, ku kasa ba miji? Kin ga abin da sakacinki ya jawo?"

MamTolo na riƙe da cokali tana ba shi kunu. Ta ajiye cokalin a hankali, ta miƙe.

"Buɗe fayil ɗin nan, 'yata. Nemo mini shekara takwas da na ba shi. A wane shafi take? Nemo mini ranar da ya faɗi a murhu, da ranar da ya faɗi a rafi mata huɗu suka jawo shi. Nemo mini ranar Laraba a ƙofar gidanku, taku ashirin daga teburinku. Babu ko? Amma kwana huɗun da bai sha ba, su kun gani. Su har da hatimi."

Babbar nas ta mayar da ido kan takardar. Sai ta zaro biro ta rubuta a ƙasan takardar: matar ba ta ba shi magani yadda ya kamata, an yi mata gargaɗi. Ta wuce gado na gaba.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika MamTolo ta kai takardar asibiti ofishin tallafi. Akawu ya karanta, fuskarsa ta washe. "Yauwa, Mama! Wannan ita ce takarda. Kin ga ashe abin ba wuya." Ta juya ta fita, don in ta tanka gilashin nan ba zai kwana ba.

Da wata ya zagayo, likitan birni ya dawo. Ta tura Velile a keke har gaban teburinsa. Bai gane su ba. Ya ɗaga fayil ɗin da hannu biyu, ya juya shafi uku, ya girgiza kai.

"Wannan ai a bayyane yake. Naƙasa ta dindindin, ba sai kun riƙa dawowa ba." Yana sa hannu yana magana. "Amma Mama, me ya sa kuke bari sai abu ya lalace? Da kun zo tun da wuri."

"Mun zo, likita. Da ƙafarsa ya shigo ɗakin nan. A kujerar nan ya zauna."

Biron ya tsaya. Likita ya ɗago, karo na farko ya dubi fuskar Velile, bakin da ya karkace da yawun da ke bin haɓa. Ya koma shafukan baya, ya ga sa hannunsa da kansa. "Ni abin da ke cikin fayil nake..."

"Na sani. Yanzu ya cika? Ko da sauran abin da za mu kawo maka? Yana da sauran hannu ɗaya."

Likita ya mayar da ido kan fom ɗin. Ya buga hatimi, ya miƙa wa nas fom ɗin. MamTolo ta goge wa mijinta haɓa da bakin mayafinta, ta juya keken da kanta, ta ƙi yarda nas ta taya ta. Sun kai ƙofa kafin ta ji ya kira na gaba, da murya ƙasa-ƙasa.

Tallafin ya dawo a wata na biyu, kuma ba a sake neman wata takarda daga gare su ba. Velile yana nan Mpindweni, a kujera yake wuni a jikin bango, hannun bai dawo ba, maganar ta ɗan dawo, har yanzu yana faɗuwa sau uku ko huɗu a wata. Lindelwa ta bar gonakin inabi ta dawo gida da 'ya'yanta, don uwarta ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai. Nontembeko na nan tana suya a ƙofar asibiti, tana ba wa wanda ya tambaya shawara. Likitan yana zuwa rana ɗaya a wata, yana duba mutum sittin kafin la'asar. MamTolo kuwa tana raye, ta tsufa da wuri, kuma ta rage magana ƙwarai.